Kukan kwamfutar Yaya Bello

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Bello, mai shagon buga takardu a Talata Mafara. Allah Ya jiƙansa. Da aka zo rabon gado, kowa ya kau da kai daga tsohuwar kwamfutar teburinsa, sai mahaifiyarmu, Inna, ta ce a kai mata ita ɗaki.

Mun yi mamaki. Inna mutuniyar Tsibiri ce ta ƙasar Maradun, ba ta san boko ba, idonta ma ya soma rauni. Kuma Yaya ɗan farinta ne. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai "wancan". Ko ranar jana'izarsa kara ta hana ta kuka a gaban mutane. Amma kowace Juma'a bayan la'asar sai ta sa a ta da janareto a kunna mata kwamfutar. Ta saurari ɗan kukan nan da take yi in ta tashi, ta ɗan yi jim, sannan ta ce a kashe. Kukan da take ji ke nan daga soro duk lokacin da Yaya ya dawo da aiki gida.

Bara 'yarsa Hafsatu ta kai munzalin jarrabawar shiga jami'a, wadda yanzu a kwamfuta ake yi. Manhajar gwaji ta ƙi hawa kan ta mahaifinta. Na ɗauko Lawali mai gyara daga Bakura, ya buɗe cikinta ya hure ƙura, ya ce da sauran ƙarfinta. Sai dai a ƙara mata ram, wato ma'ajiyar da ke sa ta sauri, a kuma sauke tsohuwar babbar manhajarta a ɗora sabuwa. Na tambaye shi kukan fa? Ya ce kukan na tsohuwar manhajar ne, tare za su tafi.

Gaskiya na ji tsoron gaya wa Inna. Da Yaya na nan, na san dariya zai yi mini. Mutum ne da ba ya ƙaunar ajiyar abin da ba ya aiki, ko takalmi ya kwana biyu bai sa ba sai ya bayar. Da ya ga an lulluɓe kwamfutarsa da zane kamar amarya, 'yarsa kuma tana yawon aro, da ransa ya ɓaci. Amma shi bai ga fuskar Inna ranar Juma'a ba.

Daga baya dai na yi mata bayani. Sai ta ce, "Ɗiyar wancan ta ka so? A yi mata."

Lawali ya kwashe hotuna da ayyukan Yaya ya adana, ya soka sabon ram, ya ɗora manhaja. Da ta tashi, sai ta yi wani baƙon kuka. Inna ta sunkuyar da kai, ni kuwa na ji kamar mun sake binne shi.

Hafsatu ta zauna ta fara bugawa. A kan cinyar ubanta ta koya, da yatsu biyu, tana dukan dogon madannin nan da babban yatsa kamar mai jin haushinsa. Inna ta ɗago.

"Wa ka bugu haka?"

"Hafsatu ce, Inna."

"Kada a kashe," in ji ta. "Dama ba kukan ni ka saurare ba. Abin da ka biyo bayanshi ni ka jira."

Yau Hafsatu na jami'a. In ta zo hutu, Inna kan shimfiɗa tabarma kusa da teburin. Shagon Yaya ya zama na mai sayar da hatsi, allon sunansa ma an cire. Abin da ya rage mana shi ne hannun 'yarsa. Ranar nan tana cikin bugawa na ji Inna ta ce a hankali, "Allah Shi jiƙan Bello."