Wadda Take Zama a Gefena na Hagu

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran shugabar cibiyar binciken ƙaura ta jami'a, wadda mu baƙin garin nan muke kira Uwar Baƙi. Ban samu labari ba sai washegari. An yi ta kiran wayata ban ji ba, har sai da telan unguwarmu ya rufe shagonsa ya zo ɗakina, ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shigowa. Na ce, "Ɗana, faɗi mana, tsayuwarka ta riga ta faɗa." Ya ce, "Baba, Malama ce."

'Yata, ke ya kamata ki rubuta mini irin wannan. Na girmi mahaifinki, alƙalami ma ya yi mini nauyi. Amma Allah bai tambaye ni ba.

Kafin ke, masu bincike sun sha zuwa unguwarmu. Su yi tambaya, su rubuta, su tafi, shiru kamar an shuka dusa. Da kika zo, na ɗauka ke ma haka ne. Kika durƙusa kika gaishe ni, kika ce, "Baba, ba tambaya na kawo ba, kujera na kawo." Kina so mutanen unguwa su zauna a kwamitin da ke tafiyar da cibiyar. Na ce, "Kujerar ado?" Kika ce, "Ta ƙuri'a, daidai da ta kowane farfesa." Haka muka shiga, ni tsohon malamin makaranta, da tela, da ungozoma, da direban tasi.

Kika kuma kafa cewa in an yi taro ɗaya a jami'a, na gaba a bayan shagon tela za a yi shi. Manyan malamai suka riƙa zama a kan benci, tsakanin ƙyallaye da keken ɗinki, suna tashi zare na manne a wandunansu. Direba ya taɓa ce wa ɗayansu, "Ranka ya daɗe, yau dai ka ɗanɗana baƙunci, sai ka rubuta." Kin fi kowa dariya.

A taron farko kika lura ina gyaɗa kai ga duk abin da aka faɗa. Ba ki tona ni a gaban mutane ba. Sai a mota, kina mai da ni gida, kika ce, "Baba, wanne kunne ne mai aiki, na dama ko na hagu?" Na ce, "Na hagu. Na dama ya riga ni yin ritaya." Daga ranar ba ki sake zama a kujerar shugaba ba. Kullum kina gefena na hagu. Ba a ɗaga hannu kan komai sai kin sunkuyo kin gaya mini ga abin da ake nema, ga abin da zai jawo. Ba ki taɓa gaya mini inda zan sa ƙuri'ata ba. Akwai ranar da na saɓa miki har maganarki ta faɗi, kika kai ni gida kina ƙunƙuni, "Tsohon nan, ni na yi maka bayani, kai kuma ka kayar da ni." Duk wannan ba ya cikin dokokin cibiya. Halinki ne kawai, mu kuma ba mu yi tunanin hali yana bin mai shi kabari ba.

Saboda ke mutanenmu suka yarda aka ɗauki muryoyinsu. Mai ɗakina, Allah Ya jiƙanta, tana cikinsu. Ta tambaye ni, "Malam, ka amince da yarinyar nan?" Na ce na amince. Sai ta faɗi abin da ko 'ya'yanmu ba ta gaya wa ba: wanda ya tsallakar da mu iyaka, gidan da ya ɓoye mu, da 'yan uwan da har yau takardunsu ba su cika ba. Kika yi mana alkawari, murya ko ɗaya ba za ta fita daga cibiyar ba sai da yardar wakilan unguwa.

Gab da ciwonki wata hukuma daga waje ta nemi a ba ta muryoyin nan, wai don aikin haɗin gwiwa. Kika ce sai kwamiti ya zauna. Ya zauna makon jiya, ba ke.

Mataimakinki mutumin kirki ne, shi ya aiko mota ta ɗauke ni. Don girmama ni, da girmama ki, suka zaunar da ni a kujerar shugaba, can kan dogon tebur. Babu kowa a haguna sai taga. Ungozoma tana bakin aiki, direba ya yi tafiya, tela yana can ƙarshen tebur. Ina ganin bakuna suna motsi kamar kifi a ruwa. Na jira wani ya sunkuyo, ba wanda ya sunkuyo, domin ba wanda ya san kina yi don wani dalili. Da abin ya ishe ni, na ɗaga hannu in roƙi wani ya matso kusa. Ashe lokacin ake ƙuri'a. Sakatariya ta dube ni ta yi murmushi, ta rubuta.

A waje na tambayi tela me aka yanke. Ya ce, "Baba, an miƙa maganar muryoyi ga ƙaramin kwamiti na malamai, babu namu a ciki. Ni da na ga hannunka sama, sai na bi ka." Na koma wurin mataimakinki, ya riƙe hannuna biyu ya ce za a duba. Na yarda da niyyarsa. Amma ƙuri'a ta wuce, kuma ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba. Ƙofa ɗaya na sani, ita ce aka rufe ranar Talata.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarki, da maigidanki, da yaranki da muka riƙa ƙwace musu ke ranakun hutu. Ku yi haƙuri, rashin ba naku kaɗai ba ne. Allah Ya jiƙanki, 'yata, Ya yafe miki, Ya haskaka makwancinki. Yadda ba ki bar baƙo ya zauna shi kaɗai ba, kada Allah Ya bar ki ke kaɗai a can. Ya rufa asirin waɗanda sunayensu ke cikin muryoyin nan. Mu kuma da muka rage, Allah Ya ba mu mai zama a gefenmu. Amin.