Igiya Mai Ƙulli Uku

Abin da na fara gani da na shiga gidan Kaka a Tsafe, hutun da na dawo daga makaranta a Gusau, igiya ce. Ta rama, an ja ta daidai ƙuguna daga ƙofar ɗakin Kaka zuwa randa, ta bi bayan rumbu har banɗaki. An sare dokin ƙofa an shafe wurin. Murhun da muke zagayewa a ɗaki ma an fito da shi tsakar gida.

Duk saboda Hassi aka yi, 'yar kawuna ta Bungudu, wadda ƙyanda ta tafi da idanunta, ta bar mata tarin da ba ya son hayaƙi. Kaka ta yi wa igiyar alama: ƙulli ɗaya randa, biyu banɗaki, uku wuta ce, a tsaya. Ko tsintsiya aka ɗauka, dole a mayar da ita inda take.

Ni ba mai magana ba ce, sai dai kallo. Na ga in an yi magariba an zagaye wuta, Hassi ce jingine da gwiwar Kaka ta dama, wurina tun ina rarrafe. In ƙwarya ta fito a tatsuniya, sai Kaka ta ɗora mata ƙwarya a hannu ta shafa. Sau uku ina ajiye littafina inda Kaka za ta gani, ko ta ce in karanta mata.

"'Yar boko," ta ce, "kwashe takardarki daga hanya, kada ƙanwarki ta yi tuntuɓe."

Washegari na wanke rigar makaranta. Akwai wurin shanya a kan danga, na sani sarai. Amma na kwance igiyar Hassi, na ɗaure ta can sama, na baza rigata. Ina kallo ta fito tana lalube a iska, ta wuce inda ya kamata ƙulli uku ya tsayar da ita, ta taka toka mai zafi. Ihunta har yau yana kunnena.

Kaka ta tsoma ƙafar a ruwan randa. Ta dubi rigar, ta dube ni. Da ta dake ni da ya fi mini sauƙi.

Da magariba ta gyara itace, ta buɗe tatsuniya, ta ce, "Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri."

"Ta zo ta zauna," in ji Hassi, ƙafarta naɗe da tsumma.

Wata zomanya ce mai 'ya'ya biyu, ɗaya ba ta gani. Uwar ta share mata 'yar hanya daga rami zuwa rafi. Mai idon ta ce ita me ya sa ba a share mata ba, ta bi ta tone hanyar ta watsa ƙaya. Ran nan mafarauta suka sa wa daji wuta, hayaƙi ya rufe ko'ina, mai ido da marar ido suka zama ɗaya. Mai idon ta ce, "Ke da kika san hanya da ƙafa, kai mu rafi." Makauniyar ta taka, ta taka, ta ce, "Yaya, hanyar ba ta nan."

"Sun tsira?" Hassi ta tambaya.

"Wanga sai ki tambayi mai ido," in ji Kaka. "Ni nan tawa ta tsaya."

Shekaru sun ja kafin in yarda cewa ba fifita Hassi Kaka ta yi ba. Ni duk gidan hanya ne gare ni, ita igiyar nan kaɗai gare ta, ita kuwa na ɗauke. Yanzu da nawa idon ya dushe, jikokina suna kawar mini da buta ba da nufi ba, na san nauyin abin. Gwiwar dama dai ban sake samunta ba, kuma ba zan ɓoye ba, ta daɗe tana cina.

Amma a ranar, kafin wutar ta mutu, na tashi na sauke rigata, na kwanto igiyar. Ƙulli ukun ya warware. Na durƙusa ta hagun Kaka na miƙa mata.

"Kaka, nuna mini yadda kike ƙulla na wutar."