Ranar da Na Gatsi Mazarƙwaila a Gaban Surukina

Na manta abubuwa da yawa a rayuwa, har da fuskokin mutanen da muka yi shekaru muna aiki tare. Amma ranar da na tsaya a tsakiyar Kaduna ina gatsar mazarƙwaila a gaban surukina, wannan kam ba zan taɓa mantawa da ita ba.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Ina malamin awo a wurin gurzar auduga a Funtuwa, ga ni sabon ango, ina ji da wandona mai kari da agogon hannuna. Surukina kuwa manomin rake ne a wani ƙauye kusa da Gozaki, sana'arsa mazarƙwaila. Doki ya yini yana juya injin matsa, a dafa ruwan raken a babban kasko har ya yi kauri, a zuba a 'yan kwanoni ya daskare. To, sai sukari ɗan kwali ya cika kantuna, kasuwarsa ta fara mutuwa. Matata ta gaya mini har ya yi magana da dillali: in rani ya ƙare a haka, zai sayar da dokin da injin ya shuka auduga kamar kowa. Tana faɗa tana share hawaye, don ta san in aka raba dattijon nan da kaskonsa, an gama da shi.

Ana cikin haka malamin gona ya sa sunansa cikin waɗanda za su kai kaya wani babban baje kolin abinci da abin sha a Kaduna. Dattijo bai taɓa wuce Zariya ba, saboda haka aka ce ni zan raka shi. Na amsa da baki, amma na san akwai matsala. A wurinmu mutum ba ya cin abinci a gaban surukinsa, ko ruwa ne sai ya kauce. Haka muka shiga jirgin ƙasa da buhunanmu, ni da shi muna azumin da babu wanda ya yi niyyarsa.

Filin kuwa ban taɓa ganin irinsa ba. Rumfuna jere har inda ido ya tsaya, lasifika na ta surutu, hayaƙin tsire ya gauraya da ƙamshin man ja na matan Kudu masu suyar doya da ayaba. Ga kilishi, ga dambu, ga fura, ga burodi iri-iri. Can kuma inda ake sayar da lemon kwalba a cikin ƙanƙara, mutane har ture juna suke yi. Abin da ya fi ba surukina mamaki shi ne manya da gemunsu suna ci a tsaye, suna tafiya suna tauna. Ya dube su ya girgiza kai.

Muka shimfiɗa tabarma a rumfarmu, ya jera mazarƙwailarsa da kansa, yana goge kowace da gefen rigarsa. Sannan muka zauna jira. Mutane suna wucewa, su saci kallo, su kawar da kai. Rana ta take, aka yi azahar, ko ɗaya ba a taya ba.

Da farko na ɗauka ba su san ta ba ne. Sai wasu samari biyu 'yan ofis suka zo wucewa. Ɗayan ya tsaya cak, ya zuba wa kayan ido, na ga maƙogwaronsa ya motsa. Abokinsa ya ja hannunsa yana dariya, ya ce, “Kai har yanzu ƙauye bai sake ka ba?” Suka wuce. Nan na gane komai. Rabin mutanen filin nan da mazarƙwaila aka yi musu kunun yaye. Suna so, kunya ce ta hana su, kada a gan su da abin ƙauye a hannu. Jira kawai suke wani mai wando da agogo ya fara. Na duba rumfarmu, mai wando da agogo ni kaɗai ne.

Ina cikin wannan tunani surukina ya miƙe. Ya ce, “Malam, miƙo buhun nan mu tattara. Wannan ba kasuwarmu ba ce.” Ya sunkuya zai ɗauki ta farko. Tausayinsa ya kama ni har na ji idona ya yi zafi.

Na ce, “Baba, a gafarce ni.”

Ya ɗago yana dubana, bai gane ba. Na ɗauki ɗaya, na fito bakin rumfa inda kowa zai gan ni, na kai baki na gatsa. Na rantse ƙarar gatsar nan har yau ina jin ta a kunnena. Dattijo ya juya da sauri, ya ba ni baya, ya fuskanci zanar rumfa.

Ban yi talla ba, ban iya ba. Tauna kawai nake yi, ina lumshe ido, ina ɗaga hannu don agogon ya fito sosai. Gumi kuwa har cikin takalmina. Can sai wani mai kwat da laktaye a wuya ya rage tafiya, ya ce, “Malam, ta ina ce?”

Na ce, “Ta Gozaki. Gutsura ka ji.”

Ya gutsura, ya tauna. Sannan ya ce, “Rabona da ita tun ina elementare. Ƙunsa mini huɗu.”

Shi ke nan, kamar an buɗe ƙofa. Wanda ya ga mutum biyu suna ci sai ya zama na uku. Saurayin nan da aka ja ɗazu ya dawo, shi kaɗai. Wata Bayarabiya mai kunun zaƙi ta kwashi rabin buhu. Da na haɗiye lomar ƙarshe na goge baki, na yi gyaran murya, sai surukina ya juyo ya kama ciniki. Ina tsaye a gefe ina kallonsa, mutane sun kewaye shi, yana ba su labarin rakensa da dokinsa da murya irin wadda ban taɓa jin ya yi ba. Ban san ranar da na taɓa jin alfahari da mutum kamar wannan ba. Kafin la'asar sakaliya tabarma ta koma wayam, wani ɗan kasuwa kuma ya riƙe hannunsa sai da ya yi alkawarin zai riƙa aiko masa da kaya ta jirgi.

Sai dai murnata ba ta cika ba. A hanyar komawa ina ta saƙe-saƙe: in maganar nan ta isa ƙauye, da wane ido zan dubi dangin matata? Sai da muka wuce Zariya, yana kallon gonaki ta taga, na yi ƙarfin hali na ce, “Baba, abin da na yi ɗazu…”

Ya katse ni ba tare da ya juyo ba. Ya ce, “Me ka yi? Ni zana nake kallo. Ban ga komai ba.” Sannan ya ƙara da cewa, “In mun isa, ka biya ka gaya wa dillalin nan ya nemi wani dokin. Allah ya yi maka albarka.”

Har Allah ya karɓi ransa ban sake cin komai a gabansa ba, shi ma bai taɓa tayar da zancen ba. Abin da na koya a ranar shi ne, ita kunya don girmama mutum aka yi ta. In ka ga riƙe ta zai sa ka zuba ido wanda kake girmamawa ya faɗi, to ka ajiye ta ka tare shi, mai hankali zai kawar da kai har ka gama.