Ragowar Kwanona da Makullin Bashiru

A duk direbobin da suka taɓa ɗauko shinkafa shanshera daga Augie zuwa Birnin Kebbi, babu wanda ya kai ni sanin sirrin lafiyar jiki. Ina saurayi na yi kokawa. In na shigo fili makaɗa kan sauya kiɗa, dangin abokin karawata kuma su tura a kira mai ɗori tun ba a kama ba. Da wannan tarihi nake tafe ranar da har gobe ba ta fita raina, ranar da Manaja ya kira ni ofis kan maganar Bashiru.

Ga waɗanda ba su san tsarinmu ba, a kamfanin casar shinkafar da nake aiki, kafin kaka ta kama ana auna kowane direba a ɗan asibitin kamfani: ido, jini, sukari da nauyi. Wanda jininsa ya hau ana ba shi wa'adi ya gyara. In bai sauka ba, a karɓi makulli, a mayar da shi ɗinkin buhu. Babbar mota cike da kaya ba a barin ta hannun wanda jiri zai iya ɗiba a tsakiyar gada.

Bashiru ɗan Gesse ne, bai kai talatin ba, bai daɗe da samun motar kansa ba, matarsa Hafsatu kuma da tsohon ciki. Karyawarsa shayi ne mai kaurin da cokali kan tsaya a ciki, da burodi da ƙwai. A hanya lemon kwalba, in barci ya taso ya kora da ɗan gwangwanin nan mai buɗe ido. Sista Rifkatu, 'yar Filato da ke kula da asibitin, ta auna shi ta sake aunawa, sannan ta ba shi wata uku.

Manaja ya ce, "Malam Garba, tunda kullum kana cika mana kunne da kokawa, ga fili. Ku riƙa tafiya mota ɗaya, kai ka tuƙa shi ya zauna, ka gyara mana shi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in na gama da shi, ta kafar allura zai riƙa shigowa aiki."

Na kafa doka. Lemo na hana, gwangwani na hana. In mun tsaya Argungu wurin Hajiya Kulu mai tuwo, ni ke yi masa oda: malmala ɗaya, miyar ganye, ba man shanu. Ni kuwa, da yake malami ba ya koyarwa da yunwa, a cika mini kwano da tuwon shinkafa, a malala man shanu, a jera soyayyen kifi har ya leƙo waje. Sai in ci rabi don in nuna misali, in ture kwanon gabansa, in ce, "Ka gani? Haka ake kame baki." Daga nan in tafi alwala. In na dawo, kwano fes. Ni duk zatona 'yan wanke-wanken Hajiya ne da saurin hannu.

Da wa'adi ya yi rabi aka sake awo. Jini yana nan inda yake, nauyi kuwa har ya ƙara. Bashiru ya fito ya zauna gindin darbejiya yana juya makulli a hannu. Can ya ce, "Baba, in anka karɓe wanga makulli, da wane ido zan kalli Hafsatu ranar suna?"

Washegari Sista tana da aikin duba 'yan dako a rumbunmu na Argungu, ta ce mu rage mata hanya. Muka tsaya wurin Hajiya Kulu kamar kullum. Na yi darasina, na ture kwano, na tashi. Ina cikin wanke ƙafa na ji muryarta.

"Bashiru, wa ya ce ka ci wannan?"

Na waiwayo, ga shi da kan kifi a hannu.

Ya ce, "Sista, Baba ya turo mani. Ragowar babba ai ba a maida ta. Tun ina yaron mota haka anka koya mani."

Gaskiya ce ya faɗa. A sana'armu in maigidanka ya ture kwano gabanka, girmamawa ce, albarka ce ya miƙo maka, ƙin ci kuwa kamar ka ce hannunsa da ƙazanta. Ni kaina da ragowar maigidana na yi ƙwanjin kokawar da nake taƙama da ita. Ashe kullum yaron nan malmalarsa ɗaya yake ci don likita, ya ci rabin kwanona don ladabi.

Na zaci Sista za ta yi masa huɗuba kan ya daina bin al'ada. Ba ta yi ba. Ni ta juyo ta kalla.

"Baba Garba, shi ba zai iya ƙin hannunka ba, kuma ba zan sa shi ba. Kai ne za ka daina turawa. Abin da ka sa aka zuba maka, ka san yadda za ka yi da abinka."

Na ce, "In dai wannan ne aikin, an gama."

Daga ranar abin ya ɗauki hanya, kuma in faɗi gaskiya, Bashiru ne ya ja ta da kansa. A Augie, yayin da 'yan dako ke lodi, maimakon ya kwanta ƙarƙashin mota sai ya bi kunyoyin fadama da ƙafa har ya jiƙe sharkaf. Suna yi masa tsiya, "Direba, motar ta lalace ne?" Ya ce, "Direban aka kai gareji." Kifi ya koma gasasshe, rana kwaɗon zogale ko wake, fura ba sukari, ƙishirwa kuma ruwa ko kankana. Hafsatu ta rage gishiri da dunƙule a tukunya. Ni ina daga inuwa ina sa ido, ina kuma cika alkawarin da na yi wa Sista: ban sake barin ko loma a kwano ba.

Ranar awon ƙarshe na raka shi. Sista ta ɗaura masa abin awo a dantse. Ta duba, ta kwance, ta ce, "Ya sauka. Riƙe makullinka, amma kada ka saki hanyar nan." Bashiru ya sauke wata ajiyar zuciya da ta kusa ɗaga labule. Ya fita ya kira Hafsatu, ina jin shi yana ta maimaita alhamdulillahi.

Abin da na koya, ku ƙanana ku riƙe: a aikin nan yaro ba ya ce wa babba a'a, saboda haka kafin ka miƙa masa abu, duba ko alheri ne ko kaya ka ɗora masa.

Manaja ya shigo taya murna, ni kuma na ga dama ta samu. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka ga aikin tsohon ɗan kokawa." Don in cika hujja na haye sikeli da kaina. Allurar ta zabura kamar an tsikare ta. Sista ta leƙa, ta ɗago ta dube ni daga wuya zuwa tumbi.

Ta ce, "Baba Garba, ashe ƙibar Bashiru ba ta ɓata ba. Wuri kawai ta sauya. Miƙo dantsenka."