Saƙonnin da Ramlatu ta rubuta domina

Wata rana 'yata Ramlatu ta zo hutu daga jami'a, ta baje takardu a tsakar falo tana aikin makaranta.

Ni kuma da ba na iya ganin abu in wuce, na ce me ake rubutawa haka tun safe ko kari ba a yi ba?

Ta ce an ba su wani littafi ne da fim ɗin da aka yi daga shi, su kwatanta. Labarin wani birni ne da hukuma ta sa wa kowa ido, ko tari ka yi an sani.

Na ja kujera na ce to ba ni in sha.

Ta ce a fim, kyamara ce a kowane lungu, ga sojoji. A ƙarshe jarumi ya farfasa na'urorin, jama'a suka yi ta murna.

A littafin kuwa babu kyamara ko ɗaya. Iyaye aka ɗora wa aikin. Akwai wani uba da kullum yake buɗe littafin sirrin ɗansa ya karanta, wai don ya kare shi.

Ta ce littafin ya fi ba ta tsoro. Kyamara ana iya fasa ta. Amma yaya za ka yi da wanda yake zuba maka abinci?



Bari in tona wa kaina asiri. Shekara uku ke nan da na haɗa manhajar hirarta da kwamfutata a ɓoye. Duk saƙon da ya shiga wayarta ko ya fita, ina gani.

Kuma me nake gani? Gaisuwar Juma'a, azkar, jadawalin jarrabawa. Har bugun ƙirji nake yi a gidan biki, wai ni 'yata ba ta da abin ɓoyewa.

Na dake na tambaye ta:

"Shi yaron ya san uban yana karantawa?"

Ko kai ba ta ɗago ba.

"Tun ranar farko, Mama. Shi ya sa ya koma rubuta abin da uban yake son gani. Ai kin sani, kin fi kowa karanta nawa."

Ashe kifi na ganinka mai jar koma.

A ranar na ji abin da babu shi a kwamfutata. Bara ta kwanta asibiti kwana tara da gyambon ciki. Ƙanwata Balaraba ce ta yi jinyarta, da wayar wata ƙawarta Ramlatu ta kira ta don kada in gani. Ni kuwa kullum da safe tana turo mini: "Lafiya lau, Mama, muna aji."

Ina nan zaune ina karantawa, ina jin daɗi.

Na yi kuka, wallahi na yi. Na ɗauko kwamfutar na cire haɗin a gabanta. Ta ce, "Na gode, Mama," cikin ladabi, irin godiyar da ake yi wa baƙo.

Ta samu maki mai kyau a aikin. Yau wata bakwai ke nan, duk yamma ina kiranta in ce yaya makaranta.

"Lafiya lau, Mama."

Har yanzu ban san ko gaskiya ne ba.

Darasi: Kula da yaro wajibi ne, amma leƙe ba kula ba ne. In ɗanka ya gane kana leƙensa, ba zai daina samun damuwa ba, zai daina kawo maka ita ne. Ka zauna ka tambaye shi tun yana amsawa.

Don Allah ku tura wa wata uwa ko wani uba. Wataƙila nasu yaron bai rufe baki ba tukuna.