Wuƙa Mai Naɗewa Ta Kusa Kashe Mini Jaki

Jama'a, yau na yi nadamar ajiye wuƙar maƙera a gida! Wata mai naɗewa na sayo a kasuwar Dogon Dutsi, har da filaya da almakashi a jikinta. Ina komawa Matankari, amalankena ya kife, igiya ta shaƙe jakina. Na buɗe wuƙar, sai abin buɗe kwalba ya fito! Na lalubo bakin wuƙar, na danna kan igiya, ya naɗe ya datse mini yatsa. Jaki na ta kakari! Wani makiyayi ya rugo, sara ɗaya ya tsinke igiyar da adda. Ya dubi wuƙata ya ce, "Baba, ta yankan farce ce?" Jaki ya tashi, ni ga jini. Don Allah, kowa ya bar tsohuwar wuƙarsa a ƙugu!