Shekara tara da rasuwar Ladi: baƙuwar da na kora daga ƙofata

Watan nan ƙanwata ta cika shekara tara da rasuwa. Zan kira ta Ladi, ko da yake ba shi ne sunanta ba. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan dafa shinkafa da wake in raba sadaka, in kama bakina. Bana shirun ya gagare ni.

Ladi mai kitso ce, tana haya a Badarawa, ɗaki ɗaya a gidan yawa. Tana da ƙanjamau, daga mijinta ta samu kafin ya rasu, kuma ni yayarta uwa ɗaya uba ɗaya ban sani ba sai bayan an yi mata sutura. Ban ga laifinta ba. Mai kitso da kan mutane take cin abinci, ranar da maganar ta fita ko kyauta ba wadda za ta zauna a gabanta. Shekaru tana shan maganinta a ɓoye, ta yi ƙiba ta yi ɓul-ɓul, har ina tsokanarta wai zawarci ya karɓe ta. Sai ta yi dariya ta ce, “Yaya, kwanciyar hankali ce.”

Sai mai gidan ya sayar da gidan, aka ce shaguna za a gina. Ni ma'aikaciyar gwamnati ce, ɗaki biyu gare mu a Malali, ƙannen maigidana uku suna kwana a falo. Maigidan nawa ya ce yarinyarta Ummi, mai shekara biyar, ta zo wurinmu, amma uwar babu wuri. Ban yi masa musu ba, kuma har gobe ina jin kunyar hakan. Ladi ta ɗauki jakarta ta tafi Kinkinau wurin wata gwaggonmu, inda mata shida ke kwana a ɗaki ɗaya. Daga nan ta koma wurin wata ƙawa, daga nan shagon wata mai ɗinki. Masu zuwa kitso wurinta suka watse, don ba wadda ta san inda za ta same ta. Wayarta ma ta sayar.

Yanzu da na san abin da na sani, nakan zauna in lissafa yadda aka yi. A ɗakin mutum shida ina za ki ajiye robar magani, wadda ko motsa ta kika yi sai ta yi ƙara? Baƙuwa ba ta cewa a ba ta abinci don lokacin shan magani ya yi, sai ta jira a zuba. Ranar asibiti idan kin yafa mayafi, baki shida ne zai tambaye ki ina zuwa. Ta tsallake rana ɗaya, ta tsallake ta biyu, daga nan kunyar komawa ta kama ta.

A tsakanin nan ne wata mata ta yi sallama a gidana. Hijabi ruwan toka, ƴar jaka a hannu, ba alamar komai a jikinta. Ta ce Ladi take nema, ita ƙawarta ce. Ni kuwa ƙawayen Ladi duk na san su. Lokacin dangin mijinta sun taso sai an ba su Ummi, suna ta aiko mutane da dabara iri-iri. Na dubi matar sama da ƙasa na ce a raina, yau kun gamu da ni.

“Ta koma Kano da ƴarta,” na ce.

“Hajiya, don Allah ko lambar waya. Saƙo gare ni mai muhimmanci.”

“Ba ni saƙon.”

“Nata ne, ita kaɗai zan faɗa wa.”

Na tsaya a bakin ƙofa, ko ruwa ban ba ta ba. Sau uku tana zuwa. A na ukun na ce idan ta sake tako mini gida za ta ga abin da ba ta so. An san ni da baki a layinmu, ranar har alfahari na yi. Da na ba Ladi labari sai ta ce, “Kin kyauta, Yaya.”

Da damina tari ya kama ta. Muka ce sanyi ne, mai kemis ya ce taifot, muka yi ta allura da jiƙo. Kafin mu kai ta asibiti tarin fuka ya riga ya cinye ta. Kwana goma sha ɗaya ta yi a can ta cika.

Bayan sadakar bakwai na buɗe jakarta, na ga katin asibiti a cikin rigar filo. A wurin adireshi gidana ta rubuta, don shi kaɗai ne gidan da ta tabbata ba zai tashi ba. Na bi katin har inda aka ba da shi. Ga matar nan mai hijabi ruwan toka zaune a kan benci. Ashe aikinta ke nan, bin waɗanda suka daina zuwa karɓar magani. Na ce, “Baiwar Allah, me ya hana ki faɗa mini?” Ta ce, “Ba a ba ni izini ba, Hajiya. Kuma ita da bakinta ta ce kada ki sani.” Ta rufa mata asiri, ni ma na rufa mata asiri, duk mu biyun kirki muke nufi. Na rasa wanda zan kama da laifi, wannan ne ya fi ci mini rai.

An ce yanzu abubuwa sun yi sauƙi, ana ba da maganin watanni a zuwa ɗaya. Madalla. Da Ladi na nan za ta ce, to a ina za a ajiye shi? Na bi ta Badarawa kwanan baya, gidajen yawan da na sani rabinsu sun zama shaguna da gidaje masu get. Waɗanda suka tashi daga ciki suna raɓe a ɗakin wani, kuma na san a cikinsu akwai mai ƙulle ƙwayoyinta a leda tana jiran kowa ya fita. Ban san abin da zan yi mata ba. Falona har yau cike yake.

Abin da ya rage mini na Ladi shi ne Ummi. Na kai ta gwaji da sunan za a duba jininta don makaranta, aka ce lafiyarta ƙalau, don uwarta ba ta yi wasa da magani ba lokacin da take da ɗakin kanta. Yanzu shekararta goma sha huɗu, hannunta a kitso sak na uwar. Ranar Asabar tana yi mini shuku, kaina a kan cinyarta, ta ce, “Mama, wai me ya kashe Ummata?” Shekara tara ina shirya amsar nan, ina rantsuwa ba zan sake ɓoye komai ba. Na buɗe baki na ce mata taifot ne.

Allah ya jiƙan Ladi, ni kuma ya yafe mini.